"Ai gida ne": yadda wata kashiya ta faɗi intabiyu sau biyu a bankin da take aiki, da abin da ta canza a na uku

Asalin maganar, 2018 zuwa 2022

Ƙanwata ce, 'yar kawuna. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan bankin ba, da wannan sharaɗin ma ta yarda na rubuta. Abin da ya sa maganar ta zo hannuna shi ne na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani a Bompai, na zauna a kwamitin intabiyu ya fi a ƙirga, to a dangi duk wanda aka kira intabiyu ni ake turo wa ko da kuwa aikin gadi ne.

Fannin akanta ta karanta. Ta shiga banki a 2018 a matsayin 'yar kwantiragi, irin waɗanda wani kamfani daban yake ɗauka ya turo wa banki, aiki iri ɗaya da kowa amma albashi ba ɗaya ba. A 2021 ta ci jarrabawar cikin gida aka mayar da ita cikakkiyar ma'aikaciya. Duk tsawon lokacin nan wuri ɗaya take zaune, taga mai lamba uku, a wani reshe da ke kusa da Kantin Kwari. Wanda ya san reshen kasuwa ya san abin da nake nufi, kuɗi a buhu ake kawo su, yaran shago su shigo da Ghana-must-go biyu su ajiye a gabanka su ce Alhaji ya ce a ƙirga, injin ƙirga yana ta kuka tun ƙarfe takwas, kuma in an rufe ƙofa ƙarfe huɗu ba tashi aka yi ba, sai lissafin kowa ya daidaita, naira dubu ɗaya ta ɓata a wajen mutum ɗaya kowa ya zauna. In ba a gano ba daga albashinka za a cire.

Ba ta taɓa samun kweri ba, wato takardar tuhuma kan laifi a wurin aiki. Makin da ake ba ta na ƙarshen shekara kullum mai kyau ne. Matsalarta guda ɗaya ce, hanyar da ke gaban kashiya gajera ce: ko ka zama shugaban kashiyoyi in wanda ke kai ya tafi, ko a tura ka makatin a ɗora maka tagat na kuɗin da za ka jawo. Ita kuma ba ta son ko ɗaya.

Janairu zuwa Maris 2023: canjin kuɗi

Ran 26 ga Oktoba 2022 Godwin Emefiele, gwamnan babban bankin Najeriya (CBN) na lokacin, ya sanar bankin zai canza fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita 15 ga Disamba, aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairu 2023, daga baya aka matsar zuwa 10 ga Fabrairu. Sauran labarin kowa ya sha shi a jikinsa. Su kashiyoyi su ne a bakin wuta, an ce kar a ba mutum ɗaya sama da 20,000 a rana a taga, kuɗin da ake kawo wa reshen ma ba ya isar mutanen da suka kwana a layi, tsohuwa ta zo tana kuka, ɗan kasuwar da ya shekara biyar yana gaishe ki da "ƙanwata" yau yana zaginki ta uwa ta uba wai kin ɓoye sababbin kuɗi kina sayar wa masu POS. Akwai ranar da sai ta ƙofar baya aka fitar da su, ta cire katin aiki ta cusa a jaka ta ja mayafi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki, abu ya fara lafawa, amma ita zuciyarta ta riga ta bar tagar.

Cikin wannan hargitsin wani abu ya faru da mutanen gari ba su kula da shi ba. Ran 24 ga Fabrairu 2023 hukumar FATF da ke Faris, mai yaƙi da kuɗin haram a duniya, ta sa Najeriya da Afirka ta Kudu a jerin ƙasashen da za a ƙara sa wa ido kan safarar kuɗin haram. Wannan ya sa bankuna suka fara ƙara hannu a sashen bin ƙa'ida, wato masu duba ko an san kwastoma da gaske kuma an kai rahoton da doka ta ce a kai. Bankinsu ya fitar da sanarwa ta imel cewa ana neman mutane daga cikin gida. Ta cike fom a daren.

Mayu 2023: intabiyu na farko

Bayan ƙaramar sallah aka kira ta. Ta manhajar bidiyo ta Teams aka yi, ta zauna a ofishin manaja da kwamfutarsa, mutum uku a sikirin: shugabar sashen ta shiyya, wani daga hedikwata, da wata daga sashen ma'aikata. Minti 25.

Ba ta zo wajena kafin wannan ba, ta ce me za ta zo yi, ai ba baƙuwa ba ce. Kuma tambayoyin da aka yi mata ta amsa su daidai gwargwado. An tambaye ta iyakar da doka ta sa, ta faɗa: dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta ce duk hada-hadar da ta haura miliyan 5 ta mutum ɗaya ko miliyan 10 ta kamfani sai banki ya kai rahotonta ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, cikin kwana bakwai, wadda kuma aka yi zargi a kanta cikin awa 24. Wannan a bakinta yake kaman karatun allo.

Daga ƙarshe shugabar ta cire tabarau ta ce, "To, ke kuma kina da abin da za ki tambaye mu?"

Ta yi murmushi ta ce, "A'a ranki ya daɗe, ai gida ne, babu komai. Na gode."

Aka yi sallama. Bayan sati biyu imel ya zo, an gode da sha'awarta, an ɗauki wasu. Cikin waɗanda aka ɗauka akwai wani da ya shigo banki bayanta da shekara biyu, wannan ne ya fi ƙona mata rai, shi ne ma ya kawo ta gidana ran wata Asabar. Ta ce, "Yaya, wallahi sanayya ce kawai, ba ni da kowa a sama." Na ce zai iya yiwuwa, amma ta ba ni labarin zaman tun daga sallama har sallama. Da ta zo kan "ai gida ne" na ce ta maimaita. Ta maimaita tana kallona wai me ya faru. Na ce ta nemi matar sashen ma'aikatan ta roƙe ta ta gaya mata abin da kwamitin ya rubuta, dan a cikin gida ana iya samun wannan, na waje ne ba a kula shi.

Matar ta yi mata kirki ta kira ta a waya. Abin da aka rubuta gajere ne: ta san dokoki, amma ba ta nuna ta san aikin da take nema ba, kuma ba a ga alamar ta damu ta sani ba.

Oktoba 2023: intabiyu na biyu

Wannan karon sashen binciken cikin gida ne ya buɗe gurbi, masu bi reshe-reshe suna duba littattafai. Ba shi take so ba tun asali amma ta ce ko ina ne in dai za ta bar taga. Ta tuna darasin Mayu, sai ta ɗauke shi a baibai: tunda rashin tambaya ne ya kayar da ita to bari ta tara tambayoyi. Ta shiga intanet ta kwaso guda goma, irin waɗanda ake rubuta wa mai neman aiki a kamfanin da bai taɓa taka ƙafa ba, ta buga a takarda. Ni kuma lokacin ina Kaduna wajen jinyar surukina, ta turo min hoton takardar a WhatsApp ƙarfe sha ɗaya na dare, na duba sama-sama na ce Allah ya ba da sa'a. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Ido da ido aka yi a ofishin shiyya, mutum huɗu. Da aka zo wajen, ta zaro takarda.

Ta farko: yaya yanayin zaman aiki yake a wannan banki? Shugaban kwamitin, wani dattijo mai furfura da ya taɓa zuwa reshensu bincike har sau biyu ya zauna kusa da ita yana duba rasitanta, ya yi dariya ya ce, "Malama, ke da kika shekara biyar a ciki mu za ki tambaya? Ke ce za ki gaya mana." Kowa ya dara, ita ma ta yi yaƙe.

Ta biyu: ina bankin yake son ya kai nan da shekara biyar? Aka ce mata yana cikin saƙon shugaban banki na farkon shekara da aka tura wa kowane ma'aikaci, ta koma ta karanta.

Daga nan ta rikice ta tsallake takardar ta faɗi abin da ke ranta. Ta tambaya ko a sashen ana tashi da wuri, ko ana zuwa Asabar, ko akwai tagat, sannan albashi zai ƙaru da nawa. Guda huɗu a jere. Wani a cikinsu ya rubuta wani abu a takardarsa. Ta rufe da tambayar me ya sa wanda yake kan kujerar ya bari, ba ta san korarsa aka yi ba kan wata magana da har lokacin ba a gama da ita ba, kuma wanda ya rubuta rahoton da ya kore shi yana zaune a gabanta. Ɗakin ya yi tsit, dattijon ya ce "to madalla, za ki ji daga gare mu."

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, bai ma shafi ɗakin ba. Ba ta gaya wa manajanta ta nemi wannan gurbin ba, na farko ta gaya masa har ya ba ta ofishinsa, wannan kuwa kunyar faɗuwa ta sa ta ɓoye, ta ɗauki hutun kwana ɗaya ta ce asibiti za ta. Dattijon nan da manajan abokai ne, a daren ya kira shi yana tambayar halinta. Washegari manaja ya kira ta ofis, bai ɗaga murya ba, ya ce "ya jikin?" Ta ce da sauƙi. Ya ce "Allah ya ƙara sauƙi, an ce likitocin su huɗu ne." Ta ce ji ta yi kaman ƙasa ta tsage ta shige.

Ba a ɗauke ta ba. Abin da aka rubuta wannan karon: da alama gudun inda take take yi.

Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: shiri

Wata guda ba ta son a yi maganar. A Disamba ta dawo da kanta. Na ce kafin mu taɓa tambaya ko ɗaya akwai abu biyu. Ta je ta ba manaja haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ta gaya masa gaskiya tana son barin taga kuma tana son ya sani kafin kowa. Sannan ta zaɓi sashe ɗaya ta tsaya a kai, ta daina jefa ƙugiya ko'ina. Ta zaɓi bin ƙa'ida. Manajan, Allah ya saka masa, ya karɓi haƙurin, har ya ce in an buɗe gurbi ta kawo ya sa hannu, sharaɗinsa ta horar da wadda za ta gaje ta.

Sai muka sayi ƙaramin littafi mai bango ja. Na ce duk abin da ya ɗaure mata kai game da sashen nan a cikin aikinta na yau da kullum ta rubuta, a ranar, kar ta tace. Sa'a ta zo mata ta wata hanya: a farkon Disamba 2023 CBN, a lokacin Olayemi Cardoso ya riga ya karɓi ragama, ya fitar da umarni cewa ƙaramin akawun ma dole a haɗa shi da BVN ko NIN, manyan kuma duka biyun, wanda bai haɗa ba daga 1 ga Maris 2024 ba shiga ba fita. Reshe ya cika da masu gyaran suna, wanda BVN ɗinsa ya ce Muhammad, NIN ya ce Mohammed, katin zaɓe ya ce Mamman, ranar haihuwa uku daban-daban kuma duk 1 ga Janairu. Manaja ya sa ta taimaka a teburin gyaran bayan an rufe taga, nan ta fara hulɗa kai tsaye da jami'in bin ƙa'ida da ke zuwa reshensu duk Laraba. Shi ne yaron nan da aka ɗauka a Mayu, wanda ta ce sanayya ce ta kai shi.

Na ce ta saya masa abinci ta tambaye shi aikinsa. Ta ce haba Yaya, ƙanin bayana? Na ce to ƙanin bayan naki yana inda kike son zuwa. Ta yi, sau uku, shinkafa da wake a ɗakin cin abincin reshe. Ta kuma kira wata da ta taɓa aiki a sashen ta koma wani banki, dan wanda ya bar wuri bakinsa ya fi sakewa.

Ƙarshen Janairu littafin yana da tambaya 23. Muka zauna a tsakar gida da biro biyu muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda amsarta tana cikin imel ɗin da aka taɓa turo wa ma'aikata ko littafin dokokin banki muka soke, ta je ta karanta da kanta, guda shida suka tafi a nan. Sauran muka duba wa ya kamata a yi wa kowacce. Maganar matakin albashi, alawus, ko akwai lokacin gwaji, ko in abu bai yi ba za a iya komawa tsohon wuri, da sati nawa ake ba mutum ya miƙa aiki, duk na sashen ma'aikata ne, a waya ko a ofishinsu, ba a gaban wanda zai zama ogan ka ba. Halin shugabar, ƙarfe nawa ake tashi da gaske, wa ba ya shiri da wa, wannan na wajen shinkafa da wake ne, kuma ta riga ta samu yawancin amsoshin. Abin da ya rage wa kwamiti guda biyar.

Su biyar ɗin ma na sa ta gwada kowacce da abu biyu. Wanda yake waje, bai taɓa zama a taga mai lamba uku ba, zai iya yin wannan tambayar? In zai iya to a sake ta. Sannan akwai amsar da za a ba ki ki ce kin fasa aikin, ko ki nemi a canza wani abu? In kowace amsa aka bayar kai kawai za ki gyaɗa to ado ce. Nan muka ɗan yi musu, ita tana ganin ai ko me aka ce karɓa za ta yi, ni kuma na tuna mata tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 lita ta haura 500, kuɗin adaidaita daga unguwarsu zuwa cikin gari ya ninka, in aikin ya zama na yawo tsakanin rassa kuma daga aljihunta to ƙarin wahala ta saya. Ta yi shiru ta ƙara layi a littafin.

Mun yi gwaji sau biyu, ni da matata muka zama kwamiti. Na hana ta karantawa daga takarda. Littafin ta riƙe shi a hannu, ta buɗe in ta manta, amma tambayar ta fito kaman hira, ta fara da abin da ta gani da idonta sannan ta yi tambayar, kuma kar gabatarwar ta wuce jimla biyu dan tana da halin jan zance.

Maris 2024: intabiyu na uku

An fitar da gurbin a Fabrairu, manaja ya sa hannu. Azumi ya kama 11 ga Maris, a satin farko aka kira ta, ƙarfe sha ɗaya na safe a ofishin shiyya. Shugabar nan mai tabarau ce dai, da mataimakinta, da matar sashen ma'aikata. Shugabar ta gane ta, ta ce "mun sake haɗuwa." Kwana biyu kafin nan ta riga ta kira sashen ma'aikata ta ji cewa matakin albashi ɗaya ne, babu ƙari, alawus ɗin kashiya ma zai tsaya, ta yi lissafinta ta ga za ta iya.

Da aka zo wajen tambaya ta ce tana da uku in lokaci zai bari. Aka ce bismillah.

Ta farko ta ce, "Ranki ya daɗe, a reshenmu akwai 'yan kasuwar da cinikinsu na rana ya kan haura miliyan biyar, wasu sai su raba kuɗin su turo yara uku kowa ya zuba ƙasa da iyaka, na san wasu tsoron 'yan fashi ne ya sa ba sa ba yaro ɗaya duka, wasu kuma ban san dalilinsu ba. A wajenku me kuke dubawa ku raba waɗannan biyun, kuma me kuke so wanda ke taga ya rubuto muku da ba ma rubutowa?" Shugabar ta gyara zama. Ta yi kusan minti biyar tana bayani, cewa ba adadin ranar ake kallo shi kaɗai ba, ana kallon ko ya dace da sana'ar da mutum ya rubuta lokacin buɗe akawun da kuma inda kuɗin yake nufa bayan ya shiga, ta ce babban ciwon kansu shi ne rahoton da ke zuwa daga rassa layi ɗaya ne, "kwastoma ya zuba kuɗi da yawa", babu sana'a babu tarihi. Ta kuma ce dalilin da ya sa ba a dawo wa reshe da labarin abin da ya biyo baya shi ne doka ta hana a tsegunta wa wanda aka kai rahotonsa, ana rage bakunan da suka sani. Sai ita shugabar ta juyo da tambaya: ke a ganinki me ya hana kashiyoyi rubutawa da kyau? Ƙanwata ta ce layi ne, mutum arba'in a gabanka ba ka da minti goma na cika fom, da za a rage shi zuwa tambaya huɗu da za a cika. Mataimakin ya rubuta.

Ta biyu ita ce wadda na fi jin tsoro. Ta ce in jami'i ya ce kar a buɗe wani akawun sai takardu sun cika, manaja kuma yana da tagat ya ce a buɗe, maganar wa ke tsayawa, kuma wa ke ba jami'in maki a ƙarshen shekara? Ta ƙara da cewa ba da manajanta take ba, tana so ne ta san inda za ta tsaya tunda waɗanda za ta duba abokan aikinta ne na shekara biyar. Aka ce mata makinta daga shiyya yake zuwa ba daga manaja ba, kuma in an yi saɓani ta rubuto, kar ta tsaya musu a reshe.

Ta uku: rassa nawa ne a ƙarƙashin wannan kujerar, dan sanarwar cewa kawai ta yi "rukunin rassa". Mataimakin ya ce shida, huɗu a cikin gari, biyu a waje, ɗaya hanyar Wudil ɗaya hanyar Bichi, kowanne sau ɗaya a sati biyu. Ta tambaya da motar banki ko da ta mutum. Suka kalli juna. Shugabar ta ce wanda ya riƙe wurin a baya motarsa yake amfani da ita ana biyansa kuɗin mai, ba su yi tunanin wanda ba shi da mota ba, za ta duba.

Da ta ga fuska a sake sai ta ƙara ta huɗu, ko banki yana biya wa mutum jarrabawar CIBN, cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki ta Najeriya. Matar sashen ma'aikata ta ce wannan ta same ta a ofis. Wannan tambayar ce kaɗai ta faɗi ƙasa, kuma tun a tsakar gida mun sa ta a layin sashen ma'aikata, zumuɗi ne ya fito da ita. Zaman da aka tsara minti 30 ya kai 45.

Afrilu zuwa Nuwamba 2024

Takarda ta fito sati ɗaya bayan sallah. A ciki an rubuta cewa ranakun zuwa rassan waje motar ofishin shiyya za ta kai ta. Ranar fara aiki aka sa 2 ga Mayu, ba ta fara ba sai tsakiyar Yuni, dan manaja ya riƙe ta sati shida yana cewa wadda ta gaje ta ba ta gama ƙwarewa ba, abin da ke cikin tambayoyinta na sashen ma'aikata ne amma ta karɓi amsar baki "ba zai wuce sati biyu ba" ba ta nemi a rubuta ba.

Kuɗin da ke shiga hannunta ya ragu kaɗan saboda alawus ɗin da ya tsaya. Motar shiyya wani lokaci ba ta samuwa, sau biyu ta hau ta haya ta cike fom aka biya ta bayan wata guda. Tsofaffin abokan taga wasu sun daina hira in ta shigo, suna ce mata 'yar sanda. A wata na huɗu ta yi saɓani da wani manaja kan akawun ɗin wani kamfani da takardunsa ba su cika ba, ta rubuta wa shiyya kaman yadda aka ce mata, aka tsaya mata. Gajeren fom ɗin nan mai tambaya huɗu an gwada shi a rassanta shida.

Yadda nake ganin abin

Ba zan ce tambayoyi ne kaɗai suka ba ta aikin ba. Sa hannun manaja ya yi aiki, wata ukun da ta yi a teburin gyaran BVN ya yi aiki, kuma lokacin sashen yana cikin buƙatar mutane. Sanayyar da ta yi zargi a Mayu ma ban ce babu ita a bankuna ba. Amma mutum ɗaya ce a duk zaman ukun, iliminta na doka bai ƙaru sosai ba tsakanin Mayu da Maris, kuma shugabar da ta ƙi ta ita ce ta ɗauke ta.

Abin da na sani daga zama ɗaya gefen teburin shi ne ɗan cikin gida fayil ɗinsa yana gabanmu kafin ya shigo, makinsa, kwerinsa, abin da ogansa ya ce a waya. Amsoshinsa ma kusan mun san su dan horo ɗaya aka yi wa kowa. Minti biyar ɗin ƙarshe ne kaɗai muke jin abin da babu a fayil. A Mayu ta mayar wa kwamiti da su ba ta taɓa ba. A Oktoba ta cika su da tambayoyin baƙo, sannan da na wanda ya gaji, kuma duk tambayoyin gajiyar nan halal ne, ƙofar da ta kai su ce ba tasu ba. A Maris tambayarta ta farko babu wanda zai iya yin ta sai wanda ya zauna a reshen kasuwa yana kallon yaran shago, shi ya sa shugabar ta manta intabiyu take yi ta koma neman shawara.

Ta ukun nan ta rassa ita na fi so duk da ba ta da wani armashi, dan ita ce ta sa aka rubuta mota a takarda. Kuskuren da ya rage nawa ne da ita, maganar sati shida, na san halin manajoji da riƙe mutum kuma ban ce ta nemi rana a rubuce ba. Littafin mai jan bango yana nan a jakarta, kwanaki na ga ta buɗe sabon shafi ta rubuta "hedikwata" a sama, tambaya biyu ne a ƙasa zuwa yanzu.